Daga Baki Zuwa Kunne: Yadda Ake Auna Tasirin Yanayi da Muhalli a Kan Tafiyar Sauti a Fili

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wani kuskure ne da na kusa tafkawa a aikin da aka ba mu na nazarin karin harshe. Lokacin hutun ƙarshen shekara na bar nan Kudu na tafi gida, na kuma yi amfani da damar na leƙa wani ƙauye a ƙasar Katsina domin in ɗauko maganar mutanen wurin, in ga inda suke furta /f/ da inda suke mayar da ita /h/ ko /hw/. Na taki sa'a ana biki, maroƙi yana ta zuba kirari ta lasifika a wani fili. Da na matsa kusa sai ƙarar ta yi wa na'urata yawa, don haka na ja da baya can gindin wata tsamiya, tazarar da ba za ta gaza mita 200 ba, na ɗauki kusan awa guda. Tsakar rana ce, hunturu ya kankama, iska kuma tana busowa daga inda nake tana nufar wajen taron.

Da na dawo makaranta na zauna saurare, sai na tarar wasula duk suna nan, karin sauti yana nan, amma baƙaƙen zuzau sun dusashe. Nan take na fara rubuta cewa mutanen ƙauyen ba /f/ kaɗai suke sassautawa ba, har da /s/ da /sh/, ina ta murna na gano sabon abu. Malamin da ke duba aikin ya saurara kamar minti biyu, sannan ya ɗago kai ya ce: "Daga wace tazara ka ɗauki wannan? Da ƙarfe nawa? Iska daga ina take busowa?" Na ce: "Malam, ban rubuta ba." Ya ce in je in binciko abin da ke samun sauti tsakanin bakin mai magana da kunnen mai sauraro, sannan in dawo mu yi zancen karin harshe. Abin da na tsinto ke nan nake son in raba da 'yan'uwana ɗalibai, domin a darasin ilimin furuci mun fi mayar da hankali ga huhu da maƙwallato da harshe da leɓɓa, alhali sauti yana da doguwar tafiya bayan ya bar baki.

Abubuwan da ake aunawa

Sauti karkarwa ce da ke ratsa iska. A nan akwai wata 'yar matsala ta harshe: kalmar iska a Hausa tana nufin wadda muke shaƙa, mai cike da sarari, tana kuma nufin wadda ke busowa ta kwashe mana hula. Duk inda nake nufin ta biyun zan ce iska mai busowa.

Abu biyu ake yawan aunawa game da sauti. Na farko shi ne yawan karkarwarsa a sakan guda, ma'auninsa kuwa haz. Kakkauran sauti irin na tambari karkarwarsa kaɗan ce, siririn sauti irin na usur karkarwarsa da yawa. Tantanin maƙwallaton namiji baligi yakan yi karkarwa wajen sau 100 zuwa 150 a sakan, na mace kuwa wajen 200 ko fiye, kuma hawa da saukar wannan adadi shi ne abin da muke kira karin sama da karin ƙasa. Mafi yawan ƙarfin wasali yana ƙasa da haz 1,000, amma ƙarfin /s/ yana can sama da haz 4,000. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu shi ne ƙarfin sauti, ana auna shi da desibel. Hira ta yau da kullum, idan aka auna a tazarar mita ɗaya, takan kai wajen desibel 60. Shi wannan ma'auni ba kamar mudu yake ba, inda biyu ke ninka ɗaya. Ƙarin desibel 10 shi ne kunne ke ji kamar sauti ya ninka ƙarfi.

Ko da babu komai a hanya, nisa kaɗai yana rage sauti, saboda yana bazuwa ta kowace fuska. Idan daga wuri ɗaya sautin ke fitowa, kamar baki ko lasifika, duk lokacin da aka ninka tazara yakan ragu da desibel 6. Wato maganar da ke desibel 60 a mita ɗaya za ta koma 54 a mita 2, 48 a mita 4, 42 a mita 8, 36 a mita 16. Idan kuwa babban titi ne mai cike da motoci, ragin desibel 3 ne kawai, shi ya sa gurnanin titi yake bin mutum har cikin unguwa. Wannan lissafi shi ne tushen awo. Mai bincike yakan fara lissafa abin da nisa kaɗai zai rage, sannan ya je ya auna abin da ya iso a zahiri. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ne aikin yanayi da muhalli.

Yadda na farko suka auna

Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, to a wannan fanni gani yana riga ji isowa, kuma da haka aka fara awon. Wani limamin coci mai suna William Derham a garin Upminster kusa da Landan yakan hau hasumiyar cocinsa da madubin hangen nesa, a harba bindiga daga wurin da an san tazararsa, shi kuma ya ƙirga lokacin da ke tsakanin ganin wuta da jin ƙara da wani lilo mai buga rabin sakan. A rahoton da ya fitar a 1708 ya sami gudun da ya yi daidai da kusan mita 348 a sakan, ya kuma lura cewa iska mai busowa tana ƙara gudun ko rage shi gwargwadon inda ta dosa. A 1740 Giovanni Bianconi a Italiya ya auna da hunturu ya kuma auna da bazara, ya nuna cewa sauti ya fi gudu cikin zafi. A 1822 wasu masanan Faransa suka kafa igwa a wurare biyu a wajen birnin Faris, Villejuif da Montlhéry, tazarar sama da kilomita 18, suka riƙa harbawa daga kowane ɓangare bi da bi. Dabarar ita ce, abin da iska ta ƙara wa wannan harbi ta rage wa wancan, idan aka ɗauki tsaka-tsakinsu an fitar da ita daga lissafi.

Abin da aka tabbatar a yau shi ne, sauti yana gudun mita 331 a sakan idan ma'aunin zafi yana kan sifiri, kuma kowane digiri ɗaya na Salshiyos yana ƙara masa kusan mita 0.6. A digiri 20 gudun mita 343 ne, a digiri 40 irin na bazarar Sakkwato kuwa ya kai wajen 355. Kowa na iya maimaita aikin Derham da damina ba tare da bindiga ba: a ƙirga sakan tsakanin walƙiya da tsawa, kowane sakan 3 kilomita ɗaya ke nan.

Zafi da sanyi: dalilin da asuba ta fi rana kai sauti nesa

Wannan ɗan bambancin gudu kamar ba wani abu ba ne, amma shi ne ke lanƙwasa hanyar sauti. Da tsakar rana ƙasa takan ɗau zafi, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama zafi nesa ba kusa ba. Ke nan ɓangaren sautin da ke tafiya ta ƙasa ya fi na sama sauri. A kwatanta da amalanken da tayarsa ta hagu ta fi ta dama gudu: dole ya karkata zuwa dama. Haka sauti ke karkata zuwa ɓangaren da gudu ya fi ƙaranci, wato sama, ya wuce ta kan mai sauraro. Wurin da aka bari a ƙasa masana suna kiran sa inuwar sauti. Wannan na cikin dalilan da suka sa mukan ga walƙiya can gefen sama amma ba mu ji tsawarta ba, domin da wuya a ji tsawa idan ta wuce kilomita 25.

Da dare kuma abin yakan juye, musamman idan sama ta yi garau babu gajimare, iska kuma ta kwanta. Ƙasa takan saki zafinta da sauri, iskar da ke kanta ta yi sanyi, mai ɗumi ta zauna a bisa kamar murfi. Yanzu sautin da ya nufi sama sai a lanƙwaso shi ya dawo ƙasa, ya yi tsalle, ya sake dawowa, har ya kai inda ba zai taɓa kai wa da rana ba. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san da asubar hunturu akan ji kiran salla ko carar zakara daga ƙauyen da ke maƙwabtaka, wanda da azahar ko an buga ganga a can ba a ji. Mukan ce shirun dare ne, kuma lalle shirun yana da nasa kaso, amma ba shi kaɗai ba ne.

Hujjar da ta fi gamsar da ni a kan haka ta Alexander von Humboldt ce. A 1800 yana tafiya a kogin Orinoco a Kudancin Amurka, ya lura cewa rugugin ruwan da ke gangarowa kan duwatsu ya fi ƙarfi da dare kamar sau uku a kan na rana, alhali a wannan daji dare ya fi rana hayaniya saboda kukan ƙwari. Ke nan ba shiru ne ya jawo ba, iskar ce ta sauya. A zamaninmu kuma, Michael Garstang da abokan aikinsa sun yi awo a gandun dajin Etosha na Namibiya cikin shekarun 1990. Sun auna zafi da iska a tsayi daban-daban, suka lissafa cewa kakkauran kiran giwa, wanda wani ɓangarensa kunnen mutum ba ya ma ji, yana iya mamaye murabba'in kilomita 30 da rana, amma da yamma bayan ƙasa ta huce ya kai 300. Shi ma John Carrington, wanda ya fitar da littafi a 1949 a kan gangunan aika saƙo na mutanen Lokele a Kwango, ya nuna cewa da dare da sanyin safiya saƙon ya fi kai wa nesa.

Darasin awo a nan shi ne, ma'aunin zafi guda ɗaya bai isa ba. Abin da ke lanƙwasa sauti bambancin zafi ne tsakanin ƙasa da sama, don haka masu wannan aiki sukan kafa dogon ƙarfe su ɗaura ma'aunai a tsayi biyu ko fiye, alal misali a mita 2 da mita 10.

Iska mai busowa

Mukan ce iska ta kwashe magana, kamar dai tana ɗauke ta ne ta gudu da ita. Lissafi bai yarda da haka ba. Iskar da ke kaɗa rassan itace gudunta bai fi mita 5 zuwa 10 a sakan ba, shi kuwa sauti yana sama da 340. Ta yaya mai rarrafe zai tare mai doki? George Stokes ne ya ba da amsa a 1857. Iska tana goguwa da ƙasa da ciyayi da gidaje, don haka ta ƙasa ba ta kai ta sama gudu ba. Sautin da ke bin iska, samansa ya fi ƙasansa sauri, sai ya lanƙwaso ƙasa, a ji shi sosai. Wanda ke fuskantar iska kuwa samansa ne aka fi tarewa, sai ya lanƙwashe sama, ya bar inuwa.

Osborne Reynolds ya gwada wannan a 1874 a wani fili a Ingila da ƙararrawa mai amfani da lantarki. Yana tafiya ta ɓangaren da iska ke fitowa har ya daina jin ƙararrawar idan kansa na kusa da ƙasa, amma da ya ɗaga kai ko ya hau wuri mai tsayi sai sautin ya dawo. Wato sautin bai mutu ba, sama ya bi. Wannan ya tuna mini da hikimar hawa hasumiya ko soro kafin a yi kira, tun kafin zuwan lasifika. Ya kuma nuna mini cewa a ranar nan ta biki na tsaya a mafi munin wuri: tsakar rana, ga iska tana tafiya daga gare ni zuwa ga maroƙi. Inuwa biyu suka haɗu a kaina, ban da ta tsamiya.

A shekarar 1873 John Tyndall ya yi wata da watanni a gaɓar teku kusa da Dover yana gwada ƙahonni da igwa da jiniyar da ake gargaɗin jiragen ruwa da su. A lokacin an ɗauka cewa hazon teku yana toshe sauti. Ya tarar ba haka ba ne, sau da yawa ma ranar hazo sauti ya fi kai wa nesa, a wata rana kuma da sama take garau jiniyar da aka ji jiya daga nesa sai a kasa jin ta daga kusa. Rayukan matuƙa jirgi ne a kan wannan awo, shi ya sa hukumomi suka kashe masa kuɗi.

Laima da bushewa: inda abin ya shafi ɗalibin harshe

Ita kanta iskar, ko tana tsaye cik, tana shan wani kaso na sauti ta mayar da shi zafi. Vern Knudsen a Amurka ya nuna a farkon shekarun 1930 cewa yawan abin da take sha ya danganta da laimar da ke cikinta. Da yawanmu za mu zaci iska mai laima ita ce mai nauyi, ita za ta fi danne sauti. Akasin haka ne. Busasshiyar iska mai ɗan guntun laima, kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100, ita ta fi cin sauti, kuma ba kowane sauti take ci daidai ba, siririn take bi.

Hukumar tsara ma'aunai ta duniya ta fitar da ƙa'idar lissafin wannan, mai lamba ISO 9613, kashi na farko a 1993, na biyu a 1996, an kuma sabunta na biyun a 2024. Ga abin da jadawalinta ya nuna idan zafi yana digiri 15. Sauti mai haz 500 yana rasa ƙasa da desibel 3 a kilomita guda, ko laima tana kashi 20 ko tana kashi 80, kusan duk ɗaya ne. Sauti mai haz 4,000 kuwa yana rasa wajen desibel 24 a kilomita idan laima tana kashi 80, amma idan ta sauka zuwa kashi 20 sai asarar ta haura zuwa wajen 89. Mai haz 8,000 a wannan bushewa yana rasa kusan desibel 200, wato ya ɓace tun kafin a je ko'ina.

Mu ɗora wannan a kan mita 200 da na tsaya. Wasulan maroƙi, ban da ragin nisa, abin da iska ta sha daga ƙasansu bai fi rabin desibel ba. Amma /s/ ɗinsa, idan aka yi lissafi da waɗannan alƙaluma, ta rasa ƙarin kusan desibel 18 a busasshiyar iska, inda a iska mai laima irin ta nan Kudu da damina asarar ba za ta fi 5 ba. Hunturu a Arewa kuwa laima takan sauka ƙasa da kashi 20 da rana. Ga shi kuma dama baƙaƙen zuzau ba su kai wasali ƙarfi ba tun daga baki, musamman /f/ ɗin Hausa da ake yi da leɓɓa biyu. Ita ma lasifikar biki mai bakin kakaki ba ta fitar da siraran sautuka yadda ya kamata. Abu ya taru ya yi wa /s/ yawa.

Sakamakon haka a fili yake ga mai nazarin Hausa. Daga nesa, bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya zai iso lafiya, haka na wuya ta jiki da wuya ta wahala, domin karin sauti ne ya raba su, shi kuwa a kan wasali yake tafiya. Amma suka da shuka, ko fara da shara, sai su rikice. Ashe ba banza ba idan uwa za ta kira ɗanta daga bakin gona takan ja wasalin ƙarshe na sunansa ta ɗaga murya, haka 'yan talla, haka mai shela. Kuma abin da kalangu ko gangar Yarabawa ke kwaikwayo daga magana shi ne karin sauti da tsawon gaɓa, wato daidai ɓangaren da ya fi jure tafiya.

Wasu masana sun kai zancen gaba da haka. A 2015 Ian Maddieson da Christophe Coupé sun duba harsuna sama da 600, suka ce waɗanda ake yi a wurare masu zafi da duhun daji sun fi karkata ga wasula da sauƙaƙan gaɓoɓi. A shekarar dai Caleb Everett da abokansa suka ce harsuna masu sarƙaƙƙen karin sauti sun fi yawa a wurare masu laima, sai dai su dalilin da suka kawo bushewar maƙogwaro ne, ba tafiyar sauti a fili ba. An yi ta muhawara a kan duka biyun, domin harsunan da ke maƙwabtaka sukan yi kama saboda dangantaka ko cuɗanya, ba don yanayi ba. Ni dai ina ganin yawancin magana a tazarar taku biyu ko uku ake yin ta, inda iska ba ta da ta cewa, don haka ina karanta irin wannan da'awa da taka-tsantsan.

Ƙasa, ruwa, itatuwa da bango

Sauti yakan iso kunne ta hanya biyu a lokaci guda: wanda ya zo kai tsaye da wanda ya bugi ƙasa ya taso. Idan ƙasar mai tauri ce, kamar siminti ko kwalta ko fuskar ruwa, kusan duka yake dawowa, ya ƙara wa na farko ƙarfi. Shi ya sa masunta ke hira daga kwalekwale zuwa kwalekwale ba tare da wahala ba. Idan kuwa ƙasa mai laushi ce, kamar gonar da aka yi wa huɗa ko fili mai ciyawa, takan sha wani kaso, wanda ya taso kuma ya soke wani ɓangare na mai zuwa kai tsaye, musamman tsakanin haz 200 da 600, kuma abin ya fi tsanani idan mai magana da mai sauraro duk suna kusa da ƙasa. Saboda haka fili guda na iya ba da awo daban da rani, daban da damina.

Itatuwa ba su kai yadda ake zato ba. Layi ɗaya na dogon yaro yana tare ido ne, ba kunne ba. Sai daji mai duhu da kauri, inda mita 100 ke rage wajen desibel 6 daga sauti mai haz 1,000. Katanga ta fi, muddin ta tare layin da ke tsakanin baki da kunne, amma kakkauran sauti yana zagaye ta, shi ya sa daga bayan katangar gidan biki dukan ganga ake ji, ba a jin baitin mawaƙi.

Kayan aiki da ƙa'idojin awo

Babban kayan aiki shi ne na'urar auna ƙarfin sauti, makirfo ce haɗe da allon da ke nuna desibel. Kafin a fara da bayan an gama akan gwada ta da wani ɗan bututu mai fitar da sauti sananne, galibi desibel 94 a haz 1,000, domin a tabbatar ba ta kauce ba. Akan ɗora ta a kan ƙafa uku a tsayin mita 1.2 zuwa 1.5, a nesanta ta daga bango da aƙalla mita uku da rabi, a rufe kan makirfon da ƙwallon soso. Idan gudun iska ya wuce mita 5 a sakan akan dakata, domin a lokacin bugun iska a kan makirfo ake aunawa, ba sautin da aka zo nema ba. Akan kuma kashe sautin a auna hayaniyar wurin ita kaɗai. Idan sautin bai ɗara ta da desibel 10 ba, sai an yi gyara a lissafi. Tare da wannan akan rubuta zafi, da laima, da gudun iska da inda ta dosa, da irin ƙasar wurin. Awo guda ba ya zama hujja, domin a tazarar 'yan ɗaruruwan mita bambancin yau da gobe na iya wuce desibel 10.

Ba don ilimi kawai ake wannan wahala ba. Duk inda za a kafa masana'anta ko filin jirgi ko babban janareta kusa da gidajen mutane, da irin wannan lissafi ake hasashen ƙarar da za ta isa gare su, kuma ƙa'idar ISO da na ambata tana ɗaukar yanayin da ya fi kai sauti, wato iska na busowa zuwa ga mai sauraro ko kuma dare mai sanyin ƙasa. A Nijeriya ma hukumar NESREA tana da dokar ƙayyade ƙara tun 2009. Wanda ya zo da azahar ya auna ƙarar injin da ke hana unguwa barci, ya ce bai ji wani abu ba, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, lokacin awon ne ba daidai ba.

Mu da ba mu da waɗannan na'urori muna iya yin namu gwargwadon hali. Ni da abokaina uku mun je filin ƙwallon makaranta, muka auna mita 10, 20, 40 da 80 da igiya. Muka ɗauki jerin kalmomi irin su suka, shuka, fara, shara, kuka, wuya a ɗaki mai shiru, muka riƙa sa su ta ƙaramar lasifika da ƙarfi iri ɗaya, domin muryar mutum ba ta maimaita kanta daidai. Masu sauraro suna juya baya, kowa ya rubuta abin da ya ji. Muka yi da asuba, muka yi da azahar, muka kuma sauya ɓangare saboda iska, kamar yadda Faransawan 1822 suka yi. Abin da muka ɗauka muka zuba a Praat, manhajar nazarin furuci ta kyauta da Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira. A hoton sautin, baƙin tabon da /s/ ke yi a sama yana ta kodewa daga tazara zuwa tazara, layukan wasali na ƙasa kuwa suna nan daram. Gargaɗi ɗaya: wayoyin hannu da yawa suna ƙara ko rage ƙarfin abin da suke ɗauka da kansu, suna kuma goge abin da suka ɗauka hayaniya ce, har da baƙaƙen zuzau wani lokaci. A nemi manhajar da ke ba da damar kashe wannan, a adana a tsarin WAV, kada kuma a tura ta saƙon murya na WhatsApp, domin yana matse sauti.

Da hutun da ya biyo baya na koma ƙauyen. Na sami maroƙin a zaurensa da hantsi, na ajiye makirfo kamar taƙi ɗaya daga bakinsa, na ce: "Baba, a maimaita mini kirarin nan na ranar biki." /s/ da /sh/ ɗinsa suka fito tsaf kamar na kowane Bahaushe. /hw/ ɗin ce kaɗai ta tabbata, a kalmomi irin su hwara da hwata, ita kuwa an daɗe da rubuta ta a littattafan karin harshen Yamma. Na soke shafi uku daga aikina. A saman kowane shafi na littafin da nake fita da shi yanzu akwai gurbin kwanan wata, da lokaci, da tazara, da inda iska ta dosa, da ko a ɗaki ne ko a fili, kuma sai na cike su nake danna maɓallin ɗauka.